Kada A Cusa Shafukan Hukuma Cikin Manhajar Ofis: Martani Kan Shawarar Taga Ɗaya A Jidda

Wani ɗan'uwa marubuci ya yi dogon rubutu kwanakin baya a kan ofisoshin da ke yi wa alhazai da 'yan kasuwarmu hidima a Jidda, wato wakilan kamfanonin jirgin yawo, da ofisoshin kago, da masu bin takardun iƙama. Shawararsa ita ce a rubuta musu manhajar kwamfuta guda ɗaya, a dasa burauza a cikinta, yadda ma'aikaci zai buɗe shafukan hukuma irin su Nusuk da Muqeem da Absher da shafin haraji da na banki duk a taga ɗaya, ba sai ya taɓa Chrome ko Edge ba. Manhajar ce za ta riƙe masa kalmomin sirri, ta cike masa fom daga hoton fasfo, ta kuma juya masa Larabcin shafukan zuwa Hausa. Hujjarsa kuwa, haka manyan kamfanonin duniya suke gina manhajojinsu, kuma a ganinsa tsoro da ƙarancin sani ne kaɗai suka hana mu bin sawunsu. Wahalar da ya hango tana nan, babu mai musunta. Sai dai mafitar da ya kawo za ta jefa fasfunan bayin Allah da kuɗinsu cikin haɗarin da ya fi wahalar da ake gudu, shi ya sa bai kamata a yi shiru har shawarar ta zauna a kunnen masu ofis ba.

Mu fara ba shi haƙƙinsa. Aikin da a da mu'aƙƙib, wato mai bin takardu, ke yi da ƙafa, ya rungumi fayil tun da sassafe ya nufi Jawazat, wato ofishin fasfo da iƙama, ya bi layi, yanzu kusan duk ya koma kan allo. Absher ta zo a 2010, tsarin fatura ta lantarki ya fara aiki ranar 4 ga Disamba, 2021, Nusuk ta biyo baya a 2022. Kowace hukuma da shafinta, kowane shafi da hanyar shigarsa. Duk wanda ya san waɗannan ofisoshi gab da azumi ya san yanayin: fasfuna ɗaure da roba a gefen tebur, na'urar ɗaukar hoton takarda tana ta kai da kawo, shafuka fiye da goma a buɗe, ma'aikaci na kwafe lambar fasfo daga nan yana liƙawa can, kafin ya waiwayo wani shafin ya fitar da shi saboda ya daɗe bai motsa ba. A 2023 da 2024 kujeru 95,000 Saudiyya ta ware wa Najeriya, ban da masu Umara da ke zuwa kusan duk shekara. Harafi ɗaya da aka kuskure a suna yana iya tsayar da tsohuwa a filin jirgin Malam Aminu Kano ko na Sarki Abdul'aziz. Don haka wanda ya nemi a rage wa ma'aikaci zirga-zirga tsakanin shafuka ya nemi abu mai kyau.

Kafin a ci gaba, ya kamata a san me ake nufi da dasa burauza. Burauza kashi biyu ce. Akwai injin da ke karanta shafi, ya zana shi a allo, ya gudanar da umarnin da ke cikinsa. Akwai kuma ɓangaren da mutum ke gani yana amfani da shi: layin adireshi a sama, alamar da ke nuna ko haɗin a tsare yake, jan gargaɗin da ke tare hanya idan an san shafin na damfara ne, da ma'ajiyar kalmomin sirri. Mai dasa burauza injin yake ɗauka, ya ajiye sauran, ya gina nasa a madadinsu. Dabarar ta daɗe. Tun 1996 Microsoft ta bai wa masu rubuta manhaja damar saka injin Internet Explorer cikin tagoginsu. A 2008 Marshall Greenblatt ya fara aikin CEF, wanda ya sauƙaƙa yin haka da injin Chromium, kuma Spotify da Steam na cikin masu amfani da shi. A 2013 aka fara abin da daga baya aka raɗa wa suna Electron a kamfanin GitHub, a kansa aka gina Slack da Discord da Visual Studio Code. A 2020 Microsoft ta fito da WebView2. Mai son ya gani da idonsa ya buɗe foldar da aka girke wata manhaja a kwamfutarsa. Idan ya ci karo da fayil mai suna libcef.dll ko LICENSES.chromium.html, to injin burauza ne sukutum ke kwance a ciki, ko da ba a taɓa gaya masa ba.

Ga inda muka rabu da marubucin. Duk shafin da aka buɗe cikin tagar wata manhaja, manhajar ce ke da cikakken iko a kansa. Tana iya karanta kowane harafi da aka danna, ta ga abin da shafin ya nuna, ta sauya shi kafin ido ya kai, ta danna maɓalli a madadin mutum, ta kuma kwafe kuki, wato 'yar shaidar da shafi ke ajiyewa don ya gane an riga an shiga. Yin haka ba ya buƙatar kutse, kuma babu wata ɓaraka a nan da za a toshe gobe. Haka aka ƙera kayan aikin, a rubuce yake ƙuru-ƙuru cikin jagororin da Microsoft da masu Electron suka wallafa wa masu rubuta manhaja. Hasali ma, duk alheran da marubucin ya yi mana alkawari daga wannan ikon suke fitowa. Manhajar da za ta cike maka fom ɗin biza dole ta iya karanta shi, wadda za ta rubuta maka kalmar sirrin banki dole ta san ta. Ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya. Mutumin Kano ko na Maraɗi ba ya buƙatar karatun kwamfuta kafin ya gane wannan. In ya je wurin mai POS, na'urar ake juyo masa ya danna lambarsa da yatsansa, kuma ko mai shagon ɗan unguwarsu ne ba zai karanta masa lambar ya ce danna mini ba. Abin da marubucin ke kira a yi shi ne a karanta wa mai shagon lambar sau ɗaya ya rubuta a littafinsa, don a daina ɓata lokaci.

Asara ta biyu ita ce layin adireshi. Shafukan gwamnatin Saudiyya da yawa suna ɗauke da sanarwa a samansu da ke tuna wa mai shiga cewa adireshin shafukan hukuma da gov.sa yake ƙarewa, kuma ya duba ko haɗin a tsare yake. Wannan nasiha tana da amfani ne a burauza ta ainihi, inda shafi ba shi da ikon rubuta wa kansa adireshi. A tagar da aka dasa, ko dai babu layin adireshi sam, ko kuma manhajar ce ta zana shi, tana kuma iya rubuta abin da ta ga dama a wurin. Ma'aikacin da ya shekara biyu yana aiki a irin wannan taga zai manta da al'adar duba adireshi gaba ɗaya, alhali yana cikin sana'ar da 'yan damfara suka fi kewayawa. Ma'aikatar Hajji da Umara tana gargaɗi kowace shekara a kan kamfanoni da tallace-tallacen bogi masu sayar da tasrihin ƙarya, wato izinin Hajji na jabu. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji, har Masar ta soke lasisin kamfanonin yawon buɗe ido 16 a kan lamarin. A irin wannan fage ba a koya wa ma'aikaci ya daina tambayar kansa a wane shafi yake.

Marubucin ya kira wannan damuwa tsoro da ƙarancin sani. To, waɗanda suka tsara ƙa'idojin intanet su ne suka fara nuna ta. A watan Oktoba na 2017 ƙungiyar IETF ta fitar da takarda mai lamba RFC 8252 a kan yadda manhajojin waya da na kwamfuta za su shigar da mutum asusunsa na wani shafi, ta kuma hana a yi hakan ta burauzar da aka dasa. Dalilanta su ne waɗanda aka ambata a sama: manhajar za ta iya naɗe abin da ake dannawa, ta kwashe kuki, mai amfani kuma ba shi da hanyar tabbatar da adireshin da yake kai. A Afrilun 2019 Google ta sanar cewa daga watan Yuni za ta fara toshe shiga asusunta ta irin su CEF, saboda daga wajenta ba ta iya bambance manhajar kirki da ta ɓarawon da ya tsaya a tsakani yana kwasar kalmomin sirri. Kamfanin da ya ƙera injin Chromium ke nan yake cewa kada a shigo asusunsa ta injin da aka dasa.

Wannan ya kawo mu ga babbar hujjar rubutun, cewa manyan kamfanoni haka suke yi. Lallai suna dasa burauza. Amma a duba me suke nunawa a cikinta. Slack shafukan Slack take nunawa, Spotify na Spotify, Teams na Microsoft. Mai tagar shi ne mai shafin, babu sirrin wani na uku da ke ratsawa ta hannunsu. Kuma inda aka zo shiga asusun wani, dubi abin da suke yi: idan mai aiki da Visual Studio Code ya nemi haɗawa da asusunsa na GitHub, manhajar tura shi take zuwa burauzarsa ta yau da kullum, ya shiga can, sannan a dawo mata da izini iyakantacce. Slack ma ta burauza take shigar da mutum. Misalan da marubucin ya jero suna goyon bayan dasa burauza don nuna kayan gida, kuma ni ban ga laifin wannan ba. Ba su goyi bayan a buɗe shafin banki ko na Ma'aikatar Cikin Gida a tagar manhajar da wani ofis ya ba da kwangilarta ba.

Za a ce ai Saudiyya ta wuce zamanin dogaro da kalmar sirri kaɗai, akwai Nafath. Haka ne, kuma tsari ne mai kyau. Ma'aikaci ya rubuta lambar iƙamarsa, wata lamba ta fito a allon kwamfuta, ya ɗauki wayarsa ya buɗe Nafath ya zaɓi wadda ta yi daidai da ita, wani lokaci a nemi ya nuna fuskarsa. Amma a lura da iyakar abin da aka tabbatar. An tabbatar cewa mai iƙamar ne ya yarda a shiga. Abin da ke faruwa bayan an shiga ba ya hannun Nafath. Da zarar shafin ya karɓi shaidar zai ajiye kukinsa a cikin tagar, tagar kuwa ta manhajar ce, kuma duk abin da aka danna daga wannan lokaci da sunan mai iƙamar aka danna shi. Ta wata fuskar ma nauyin ya ƙaru, domin in aka yi ɓarna, rajistar hukuma za ta nuna shi ne ya amince da wayarsa da fuskarsa. Baƙon da ke zaune da iƙama, wanda matsala da hukuma ke iya kai shi tarhil, wato a kore shi zuwa ƙasarsa, ba shi da ƙarfin da zai tsaya yana bayanin cewa manhaja ce ta yi ba shi ba. Wanda ke zaune a gaban allon shi zai ɗauki laifin, wanda ya rubuta manhajar kuwa wataƙila ba ya ma ƙasar.

Akwai kuma nauyin da rubutun bai taɓo ba ko da layi ɗaya, wato wa zai riƙa sabunta injin. Burauza ita ce manhajar da ta fi kowace cin karo da abin da baƙi suka aiko, shi ya sa masu kutse ba sa ɗauke ido daga kanta. A 2021 Google ta fara fitar da sabon Chrome duk mako huɗu, a tsakani kuma tana fitar da facin tsaro. Masu Electron suna fitar da sabon zubi duk mako takwas, kuma guda uku na ƙarshe kaɗai suke kula da su, ma'ana manhajar da aka yi wata shida ba a sabunta injinta ba ta riga ta fita daga kulawa. Abin da ya faru a Satumban 2023 ya isa darasi. Masu bincike na Apple da na Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto sun kai rahoton wata ɓaraka a ɓangaren da ke buɗe hotuna nau'in WebP, wadda tuni ake amfani da ita wajen kutse. Hoto guda da aka shirya da mugun nufi ya isa ya buɗe hanya. Cikin 'yan kwanaki Chrome da Firefox da Edge suka toshe ta, masu amfani da su kuma facin ya same su ba tare da sun yi komai ba. Amma kowace manhaja mai ɗauke da nata kwafin injin sai da masu ita suka sake gina ta suka rarraba, irin su Signal da 1Password suka yi hanzari, waɗanda ba su da mai kula da su suka zauna a buɗe. Yanzu a tuna aikin ofishin jirgin yawo: tun safe har dare hotunan da mutanen da ba a sani ba suka turo yake buɗewa, na fasfo, na fuska, na shaidar biyan kuɗi.

Ƙananan ofisoshi sau ɗaya suke sayen manhaja. Matashin da ya rubuta ta ya karɓi kuɗinsa ya kama wani aikin, ko ya koma gida, kuma muddin tana buɗewa tana buga rasit babu mai tunanin akwai abin da ya tsufa a cikinta. Tarihi ya nuna inda wannan ke kaiwa. Microsoft ta yi ritayar Internet Explorer ranar 15 ga Yuni, 2022, amma injinsa na nan cikin Windows saboda ɗimbin tsofaffin manhajojin da aka gina a kansa, kuma ta wannan injin ne masu kutse suka riƙa shiga kwamfutoci ta takardun Word a Satumban 2021. Chrome na 109, wanda ya fito a Janairun 2023, shi ne na ƙarshe da ke aiki a Windows 7, don haka duk manhajar da aka daskarar don ta ci gaba da tafiya a tsohuwar kwamfutar ofis da injin wancan lokaci take buɗe shafukan yau.

A nan wanda ya san fannin zai ce WebView2 ta warware wannan, tunda injinta Microsoft ce ke sabunta shi kamar yadda take sabunta Edge, kuma yana zuwa tare da Windows 11. Na yarda, kuma duk mai gina manhajar ofis a Windows ya fi masa ya bi ta nan. Ita kanta Microsoft ta ɗauke Teams daga Electron zuwa WebView2 a 2023. Sai dai abu biyu. Akwai zaɓin daskarar da injin a zubi ɗaya, kuma mai gudun kada sabuntawa ta karya masa dabarun cike fom shi ne zai fi karkata gare shi. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, sabon inji yana tsare ka ne daga mugun shafi, ba ya tsare ka daga mai tagar. Ikon karanta abin da aka danna da kwashe kuki yana nan daram a sabon zubi kamar yadda yake a tsoho.

Sauran hujja ɗaya, wadda ta fi shiga zuciya: mai rubuta manhajar namu ne, ɗan'uwa Musulmi, mai amana, ba zai ci amanar alhazai ba. Ba na zargin kowa. Amma amanar mutum ba ta tsare kwamfutarsa. A watan Maris na 2023 aka gano cewa manhajar kwamfuta ta kamfanin 3CX, mai tsarin wayar ofis da ya ce kamfanoni 600,000 ke amfani da shi, tana ɗauke da muguwar manhaja, kuma ta hanyar sabuntawar kamfanin ta halal ta isa ga abokan cinikinsa, da sa hannunsa a kai. A kan Electron aka gina ta, an kuma ɓoye cutar cikin fayilolin da ke tafe da ita. Binciken kamfanin Mandiant ya nuna ta kwamfutar ma'aikaci ɗaya aka shiga, wanda ya sauke wata manhajar da ita ma an riga an gurɓata. Babu wanda ya ce masu 3CX ɓarayi ne. Idan haka ta faru da kamfani mai ma'aikatan tsaro, sai a auna manhajar da mutum ɗaya ko biyu ke kula da ita daga kwamfutar tafi-da-gidanka, aka kuma girke ta a ofisoshi hamsin, kowanne ya zuba mata kalmar sirrin banki da ta shafukan hukuma. Wanda ya shiga wannan kwamfuta ɗaya ya shiga ofisoshin duka. Haɗa komai wuri guda, wanda shi ne abin da ya fi burge marubucin, shi ne abin da zai fi burge ɓarawo.

Batun fassara zuwa Hausa ba sai an daɗe a kai ba. Chrome na fassara shafi zuwa Hausa ba tare da an dasa komai ba. Kuma manhajar da ke shafe rubutun hukuma ta ɗora nata, ranar da hukumar ta sauya sharaɗi ko ta ƙara gargaɗi, tsohon bayani za ta ci gaba da nuna wa ma'aikaci. Hannun da ke iya canza kalma a shafin banki yana iya canza lambar asusu.

Abin da ya fi ba ni mamaki a rubutun shi ne yadda ya tsallake misalin da ke gabansa a kowane shagon Jidda. Wanda ya sayi abaya ko turare ko dabino a kasuwar Balad aka miƙo masa fatura, zai ga ɗan murabba'in QR a jikinta, wanda in ya haska da manhajar hukumar haraji zai nuna masa sunan mai shagon, da lambar harajinsa, da lokacin ciniki, da jimillar kuɗi, da harajin kashi 15 da aka ɗora. Bayan wannan ɗan murabba'i akwai tsarin da ya amsa ainihin tambayar da marubucin ke yi, wato yaya manhajar kwamfutar ɗan kasuwa za ta yi aiki da shafin hukuma cikin sauri. Daga 1 ga Janairu, 2023, Hukumar Zakka da Haraji da Kwastan, ZATCA, ta fara wajabta haɗa manhajojin ciniki da dandalinta na Fatoora, ta fara da kamfanonin da cinikinsu ya haura riyal biliyan 3, tana saukowa rukuni-rukuni zuwa ƙanana. Hukumar ba ta ce a buɗe shafinta cikin manhajar shago a bar manhajar ta riƙa danne-danne ba. Mai shago ne ke shiga dandalin da kansa, ya ciro lamba ta amfani sau ɗaya, ya saka ta a manhajarsa. Da wannan lamba manhajar ke karɓar takardar shaida ta lantarki da aka keɓe wa wannan na'ura, da ita take buga hatimi a kan fatura. Faturar da ke tsakanin kamfani da kamfani sai hukuma ta tantance ta kafin a miƙa wa mai saye, ta mai sayen ɗai-ɗai kuma a kai rahotonta cikin awa 24. Manhajar ba ta buƙatar sanin kalmar sirrin mai shago. Aikin da aka ba ta kaɗai take iya yi, kuma ranar da aka sace na'urar ko aka raba gari da mai manhajar, mai shago na iya shiga ya soke shaidar wannan na'ura ba tare da ya taɓa sauran ba. Cinikin da ke bi ta wannan hanya a rana ɗaya ya ninka duk fom ɗin bizar da ofisoshinmu za su cike a shekara, kuma ba a ga layi ya tsaya saboda ita ba. Ashe sauri da tsaro suna haɗuwa, idan aka bai wa manhaja izini gwargwadon aikinta.

Inda wata hukuma ta tanadi irin wannan hanyar haɗi ga kamfanoni masu lasisi, ita ce hanyar da za a bi, ko da neman izinin zai ɗauki watanni. Inda ba ta tanada ba, rashin ba ya zama izinin a ƙirƙiri wata ta bayan fage. Ko ta fuskar aiki kaɗai, manhajar da ke cike fom ta hanyar laluben guraben shafin wani tana karyewa duk ranar da aka sauya fasalin shafin, kuma babu mai tabbacin ba za a sauya shi ana saura mako guda a rufe biza ba. Akwai kuma doka. Dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki ranar 14 ga Satumba, 2023, wa'adin gyara ya ƙare bayan shekara guda, tana ɗauke da tarar da ke kaiwa riyal miliyan 5, kuma ana buƙatar a sanar da hukumar SDAIA mai kula da dokar cikin awa 72 idan bayanai suka fita. Najeriya ma ta samu tata dokar a Yunin 2023. Mai ofishin da ya tara fasfunan mutane shi doka za ta fara tambaya.

Duk da haka mafi yawan abin da marubucin ke so yana samuwa, kuma ina fata ya karkata ƙoƙarinsa can. A gina manhajar, a dasa mata WebView2 mai sabunta kanta, ta riƙe abin da yake na ofis: rajistar maniyyata, rabon ɗakuna a Makka da Madina, nauyin kago da lambar kowane ƙunshi, bashin da ake bi, buga rasit. Ta karanta layuka biyun nan masu haruffa 44 kowanne da ke ƙasan shafin fasfo, ta jera suna da lamba da ranar haihuwa yadda ma'aikaci zai kwafa ba tare da kuskuren harafi ba, wanda dama shi ne ya fi cin lokaci da jawo asara. Idan aka zo shafin hukuma ko na banki, maɓallin ya buɗe burauzar kwamfutar ta ainihi, kowane ma'aikaci da nasa asusun a cikinta. Abin da za a rasa 'yan daƙiƙu ne a kan kowane fasfo, kuma alhajin da ya sayar da gona ko shanu ya biya kujera ya cancanci a ɓata waɗannan daƙiƙun saboda shi.

Ku masu ofis a Jidda da Kano da sauran garuruwa, duk wanda ya kawo muku irin wannan manhaja, ku sa ya buɗe shafin banki a gabanku. In shafin ya fito a Chrome ko Edge da layin adireshinsa a sama, ku ci gaba da ciniki, ku kuma sa a rubuta cikin yarjejeniya wanda zai riƙa sabunta ta da kuɗin da za a biya shi duk shekara. In kuwa ya fito a cikin tagar manhajar, ku mayar masa da kayansa har sai ya gyara.